Daga Tudun Nasarawa Zuwa Zangon Agege: Inda Arzikin Riɗi Ke Zubewa

Da zarar damina ta ja baya a Arewa, kaka ta kankama, hanyar Ibadan zuwa Legas takan cika da tireloli lulluɓe da tamfol. Wasu albasa da tattasai suka ɗauko za su sauke a Mile 12, wasu shanu ne za su nufi mayankar Oko-Oba da ke Agege. Akwai kuma kayan da ba a Legas za a ci su ba, ratse kawai suke yi. A sauke su a sito, a tankaɗe, a sake musu buhu, a cusa a kwantena, sai tashar Apapa ko Tin Can. A cikin irin waɗannan kaya, kaɗan ne suka kai riɗi daraja.

Mazaunin Agege ya fi sanin riɗi a kan teburin mai tireda: kantu yankakke a cikin leda, an jera shi kusa da dabino da aya da goro. Uwargida ta san shi a tukunyar miya, mai shagon magungunan Musulunci ya san shi a kwalbar mai. Duk wannan ɗan tsakure ne. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna Najeriya na noma kusan tan rabin miliyan na riɗi a shekara, abin da ya sa ta cikin sahun Sudan da Indiya da Myanmar da Tanzaniya. Mafi yawansa waje yake tafiya, zuwa Sin da Japan da Turkiyya da Indiya. A kayan gonar da ƙasar nan ke samun kuɗin waje da su, in aka cire koko, da wuya a ambaci wani kafin riɗi.

Sai dai wannan yawa da faɗin gona aka same shi, gonar kanta ba ta ƙara albarka ba. Matsakaicin abin da hekta guda ke bayarwa a duniya kusan rabin tan ne, kuma ƙaramin manomi a Jigawa ko Benuwai sau da yawa ba ya kai haka, alhali a ƙasar Sin an haura tan 1. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19. In manomi na samun kilo 400 a hekta, sai an share kusan hekta 48 kafin a cika ta. In yana samun kilo 800, hekta 24 sun wadatar. Taki da lokacin shuka da noma duk suna da hannu a wannan tazara, amma gindinta yana cikin ƙwayar da aka watsa ranar shuka.

Abin da goro ya koya wa Agege

Ba a buƙatar a yi wa mutanen Agege dogon bayani a kan yadda sabon iri ke juya akalar kasuwa, domin zangonsu a kan haka ya kafu. Kafin zuwan Turawa, goron da Bahaushe ke ci daga dazuzzukan Asante yake fitowa. Fatake su bi da jakuna har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kawo shi ta teku zuwa Ikko, wato Legas. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na goro ta teku kafin ya mayar da hankali kan gyaɗa.

Ƙasar Yarbawa tana da nata goron, abata, mai ɓari uku ko fiye, wanda bakin Bahaushe bai karɓa ba. Manoman Agege da Ifako da Ota, irin su J. K. Coker da abokansa na ƙungiyar masu gandu ta Agege da aka kafa a 1907, sun fara da koko, sannan suka lura da abin da mai saye ke nema. Suka dasa goro mai ɓari biyu, irin na Gwanja. Cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Ifo da Shagamu da sauran ƙasar Yarbawa, har ta kai Bahaushe ba ya buƙatar tsallaka iyaka don neman goro. Hausawa suka zauna a Agege suna saye, suna zaɓe, suna ɗaure huhu da ganye, suna lodi a tashar jirgi zuwa Arewa. Mai saye ne ya faɗi abin da yake so, mai gona ya nemo irinsa ya shuka, kowa ya samu.

Riɗi bai taɓa samun wannan gatan ba. A zamanin Turawa, Tibi na Benuwai ne suka fi noma shi, galibi don samun kuɗin haraji, kamfanoni na kwashewa ta kogi. Daga baya ya shiga hannun hukumar sayen gyaɗa, ya zama ɗan rakiya. Man fetur ya zo ya dusashe noman kayan fitarwa, sannan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Da kasuwar ta farfaɗo daga shekarun 1990, 'yan kasuwa ne suka farfaɗo da ita, kuma abin da ya dame su a lokacin shi ne a samu kaya da yawa, kowane iri ne.

Hukuncin tafin hannu

Wanda duk ya tsaya a bakin sito a Dawanau ta Kano, ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko a ɗakunan ajiyar Legas, ya san yadda ake yanke wa riɗi hukunci. Mai saye zai soka wa buhu ƙarfe mai rami, sama da tsakiya da ƙasa, ya zazzage abin da ya fito a tafin hannu. Ya baza da yatsa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, yashi ya kwanta a layukan tafi. Sannan ya duba launi: ga fari, ga ruwan ƙasa, ga baƙi jefi-jefi, ga wanda bai cika ba ya shafe kamar an danne shi. Ya murƙushe 'yan ƙwayoyi tsakanin farce biyu ya ga ko mai zai fito. Daga nan sai ka ji an ce kaya ya yi, ko a ce gauraye ne, a yanke kilo.

Abin da tafin hannu ya gani shi ɗakin gwaji zai tabbatar kafin kwantena ta shiga jirgi. Yarjejeniyar fitarwa takan nemi datti kada ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100, danshi kada ya haura kashi 6 ko 7, mai kuma ya kusa rabin nauyin ƙwayar. Masu burodi da masu yin tahina a Turkiyya farin riɗi mai girma iri ɗaya suke so, kuma suna biyan ƙari a kansa. Masu matsar mai a Japan da Sin yawan mai da ƙamshi suka fi dubawa. Tarayyar Turai kuwa ta sa riɗin Najeriya cikin kayan da ake tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar Salmonella, wadda ke shiga idan aka shanya kaya a ƙasa inda kaji da awaki da tsuntsaye ke wucewa.

Inji na iya fitar da yashi da tsakuwa, akwai ma mai tsince ƙwaya bisa launi. Amma duk abin da inji ya fitar nauyi ne da aka saya, aka biya masa kuɗin mota kusan kilomita 1,000, aka biya 'yan dako. Gaurayen launi kuwa ba a masussuka ya samo asali ba. Manomi ne ya je kasuwa gab da shuka, ya auno tiya ɗaya daga buhun da aka tara daga gonaki goma, ya watsa. 'Yan kasuwa suna kiran riɗi da sunan inda ya fito, na Lafiya, na Benuwai, na Bauci, na Maiduguri, amma a cikin buhu guda ana iya samun iri huɗu ko biyar, kowanne da ranar nunarsa.

Halin tsiron

Riɗi yana da halaye biyu da ke wahalar da manomi. Na farko, ba ya tsayawa da girma lokaci guda. Yana huda daga ƙasa yana hawa sama, ta yadda ƙwanson ƙasa zai nuna alhali can ƙoli fure ne. Na biyu, ƙwanson da ya bushe fashewa yake yi daga baki. A daji wannan dabara ce ta yaɗa zuriya, a gona kuwa asara ce. In manomi ya yi gaggawar yanka, na sama bai cika ba. In ya jira na sama, na ƙasa ya zube wa tururuwa da kurciya. Idan kuma gonar gauraye ce, babu wata rana da za ta yi wa dukkan tsirran daidai.

Shi ya sa girbin riɗi aikin lallashi ne. Da ganye ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, sai a shiga da lauje, a yanka, a ɗaure ƙananan dammuna, a jingina su tsaye kai sama don kada ƙwaya ta tsiyaye. Su yi mako ɗaya ko biyu suna shan rana. Ranar kaɗewa a shimfiɗa tamfol, a ɗauko dami a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, a juya shi kai ƙasa, a bubbuga da sanda, ƙwaya ta zubo da sautin yayyafi. A tsakanin yanka da kaɗewa, iska mai ƙarfi na iya kayar da jingina, ruwan ƙarshe na iya sauka, ga kuma ƙwaron nan da manoma ke kira shamai, wanda ke shiga dami ya tsotse man ya bar ƙwaya fanko mai ɗaci. Wanda ya koma gona bayan an kwashe ya duba gindin inda aka jingina zai ga ƙasa ta yi fari.

Tun tsiron na tsaye ma yana da abokan gaba. Akwai tsutsar da ke naɗe ganye ta huda ƙwanso. Akwai cutar da ke mayar da fure ganye, tsiro ya yi tsiri-tsiri ba ɗa ko ɗaya, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Inda ruwa ya yi yawa akwai ɗigon ganye da ruɓewar saiwa, domin riɗi ba ya jure kwanciyar ruwa ko na 'yan kwanaki.

Aikin da ake yi a Badeggi

Alhakin binciken riɗi a Najeriya yana wuyan Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi kusa da Bida a jihar Neja, wadda kuma ke riƙe da shinkafa da waken soya da acca da rake. Kafin ta fitar da nata, an san tsofaffin iri irin su Yandev 55, mai ɗauke da sunan tashar gwaji ta Yandev kusa da Gboko, da kuma E8. A farkon shekarun 2000 cibiyar ta fitar da NCRIBEN 01M da 02M da 03L, daga baya ta ƙara da 04E da 05E. Harafin ƙarshe yana nuna lokacin nuna: E mai sauri, M matsakaici, L mai jinkiri. Masu saurin suna isa yanka cikin kusan kwana 90, abin da ya dace da gajeriyar daminar Jigawa da Yobe da arewacin Katsina. Wanda manoma suka fi sani da suna Ex-Sudan yana cikin wannan rukuni, kuma farinsa ya sa kasuwa ke sonsa.

Yadda ake samar da sabon iri aiki ne na haƙuri. Furen riɗi kansa yake yi wa barbara, sai ɗan abin da ƙudan zuma ya kawo daga maƙwabta. Mai bincike da ke son haɗa iri biyu zai je da yamma ya nemi furen da zai buɗe gobe, ya zare farar rigarsa a hankali, sassan namijin su biyo ta tunda a jikinta suke. Da sassafe ya kawo garin furen ɗaya irin ya shafa, ya ɗaura zare don shaida. Abin da ya fito a shuka shi, 'ya'yansa su rarrabu, wani ya biyo uwa, wani uba, wani ya haɗa. A yi ta zaɓe damina bayan damina, shida ko bakwai, har layin ya daidaita. Sai gwaji a wurare daban-daban, sai gonakin manoma, sannan a kai gaban kwamitin rajistar iri da ke zama a Ibadan. Shekara 8 zuwa 10 ba abin mamaki ba ne.

Abin da idon mai bincike ke nema sananne ne. Yawan ƙwanso a jikin tsiro shi ne kan gaba: wani iri ƙwanso ɗaya yake yi a gindin kowane ganye, wani uku. Sai yawan ƙwaya a ƙwanso, wanda kan kai 60 zuwa 70, sai nauyin ƙwayar, da yake 1,000 daga cikinta ba su fi giram 3 da wani abu ba. Yana kuma duba yawan rassa, da tsawon da tsiro ke yi kafin ya fara 'ya'ya, da ko zai kwanta in iska ta buga. Wahalar ita ce waɗannan halaye suna jan juna. A ƙara yawan ƙwanso, ƙwaya ta ƙanƙance. A rage kwanakin nuna, amfani ya ragu. A 2014 masana a cibiyar binciken tsirran mai da ke Wuhan a ƙasar Sin suka wallafa taswirar ƙwayoyin halittar riɗi, abin da ke ba da damar gane tsiron da ya gaji halin da ake so tun yana ƙarami. Amfani da wannan sai da ɗakin gwaji da kuɗi, riɗi kuwa a wajen rabon kuɗin bincike kullum yana bayan shinkafa da masara.

Ƙwanson da ba ya zubarwa

Tun 1943 wani masani Ba'amurke, D. G. Langham, ya tsinci tsiron riɗi a Benezuwela wanda ƙwansonsa ba ya fashewa sam. An ɗauka an gama da matsalar, ashe da sauran aiki. Ƙwanson ya yi tauri har sai an farfasa ƙwaya kafin a fitar da ita, amfaninsa kuma kaɗan ne. Ɗansa, Ray Langham, ya ci gaba da aikin shekaru da dama a kamfanin Sesaco, har aka samu irin da ƙwansonsa ke ɗan buɗe baki amma ya riƙe 'ya'yansa sai an buga. Da shi ake noman riɗi a Texas da Oklahoma, a bar shi ya bushe a tsaye, injin girbi ya bi ta kai kamar alkama.

Manomin Doma ko Gumel ba injin girbi ne ya dame shi ba. Abin da wannan hali zai ba shi shi ne sarari: ya jira ƙwanson sama ya cika ba tare da na ƙasa ya zube ba, ya ɗauki dami ba fargaba. Sai dai irin da aka gyara don Texas ba a ɗauko shi a watsa a Nasarawa. Riɗi yana jin tsawon yini, in aka canza masa wuri sai ya yi huda da wuri ko ya makara, ga cututtukan da bai saba da su ba. Halin ne za a ɗauko a shigar cikin irin gida, wannan kuma aikin masu binciken gida ne.

Darasi daga manoman duwatsu

Wani tsiron mai, kattan, wanda Turawa ke kira linsid, ya nuna yadda ake yin irin wannan aiki. Tsiro ne na wuri mai sanyi, mai shuɗin fure, ana saƙa da zarensa, ana matse mai daga ƙwayarsa. Rasha da Kazakistan da Kanada ne manyan masu noma shi, kuma wanda ake gani a kantunan Legas galibi shigowa da shi ake yi. Amma a tsaunukan Habasha, a Arsi da Bale da Shewa, abincin talaka ne. Suna kiransa telba, su soya, su daka, su dama su sha, musamman a kwanakin azuminsu. Cibiyar bincike ta Holeta kusa da Addis Ababa ta daɗe tana zaɓen irin da zai jure cutar yaushi da ke zaune a ƙasa, ta hanyar shuka ɗaruruwan layuka a filin da aka san cutar ta yi katutu, a ɗauki wanda ya rayu.

Misalin arewacin Indiya ya fi kusa da namu. A kwarin Kangra na jihar Himachal Pradesh, gonaki ƙanana ne, hawa-hawa a jikin dutse. Manomi ba ya huɗa don kattan. Kwanaki kaɗan kafin ya yanke shinkafa sai ya watsa ƙwayar a cikinta, ta tsiro da sauran danshi, ba taki ba ban ruwa. Irin da aka gyara a shimfiɗaɗɗen fili mai taki ba ya tsinana komai a nan. Masu bincike na jami'ar aikin gona ta Palampur ba su tsaya jiran manomi ya canza al'adarsa ba. Suka mayar da gwajinsu cikin wannan yanayi, suka fitar da iri irin su Surbhi da Baner da Himani musamman don a watsa su a cikin shinkafa.

Mu ma muna da manoman duwatsu. Duwatsun Eggon da na Mada suna tsakiyar ƙasar riɗi a Nasarawa. A Tula ta jihar Gombe, da Gwoza, da Sukur da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, mutane sun daɗe suna jera duwatsu suna tare ƙasa su yi noma hawa-hawa. Ƙasar wurin ba zurfi, tsakuwa ta yi yawa, tarakta ba ta hawa, kuma ba a cika ba riɗi gona shi kaɗai ba, a tsakanin dawa ko gero ake watsa shi. Irin da zai yi a nan sai mai jure inuwa da ƙarancin taki, mai rassa da zai cike gurbi in tsiro ya yi gwari-gwari. Wannan daban yake da abin da jigawar Maigatari ke so, wato mai sauri da jure fari, daban kuma da na kwarin Benuwai inda ake shuka sau biyu a shekara kuma cutar ganye ce babbar damuwa. Iri biyar ko shida ba za su ishi ƙasa mai wannan bambanci ba. A hannun waɗannan manoma kuma akwai tsofaffin iri da kakanni suka zaɓa shekara da shekaru, waɗanda ke ɓacewa a hankali yayin da farin riɗin kasuwa ke mamaye ko'ina. Wanda ya ɓace kafin a tattara shi, halinsa ya tafi ke nan.

Me ya hana irin isa gona?

Ko irin da aka riga aka fitar ma bai kai hannun mafi yawan manoma ba. A ƙa'ida, cibiyar bincike ce ke riƙe da asalin iri, a ninka shi ya zama irin tushe, kamfanoni su sake ninkawa a ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, sannan a sayar wa manomi da shaidar tantancewa. An sabunta dokar iri a 2019, an kuma yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri a 2021. Amma kamfanin iri ɗan kasuwa ne. Masarar haɗi tana dawo masa da manomi kowace shekara, kuma hekta guda na cin kusan kilo 20. Riɗi kuwa kilo 4 ko 5 sun isa hekta, har sai an gauraya da yashi don ya bazu, kuma wanda ya saya sau ɗaya zai iya ajiye nasa shekaru. Riba ba ta taka kara ta karya ba, don haka kamfanoni ba sa rububinsa.

Abin da ya sa kamfani ja da baya shi ne kuma ya sa gyaran ke da araha. Hekta ɗaya ta gonar iri da ta ba da kilo 600 za ta shuka hekta 150, wato abin da zai cika kwantena uku ko da amfani bai ƙaru ba, shida in ya ninka. Kyan ɗa ya gaji ubansa, riɗi kuwa yana gadon nasa in an kiyaye shi. Abin da ake buƙata shi ne a ware gonar iri nesa da sauran, a bi ta tun tana huda a tumɓuke duk tsiron da ya bambanta, a yanka ta dabam, a kaɗe a kan tamfol mai tsabta, a adana inda danshi ba ya kaiwa, a kuma koma tushe a sabunta bayan 'yan shekaru. Ƙungiyar manoma ta ƙauye guda na iya wannan in an nuna mata sau ɗaya.

Wa zai biya? Wanda ya fi cin moriyar kaya mai launi ɗaya, wato mai fitarwa da dilan da ke tara masa. An sha gwada raba iri bashi, kuma kukan da ake yi ɗaya ne: kaka na yi, wani dillali ya zo da ƙarin 'yan nairori ya kwashe. Manomi ma yana da nasa kukan, cewa in ya kawo tsantsar fari kuɗin gauraye ake ba shi, to don me zai wahala? Muddin sikeli bai bambanta tsantsa da gauraye ba, babu malamin gona da zai shawo kansa.

A nan ne Hausawan Legas ke da abin da wasu ba su da shi. Su ne ke tsakanin gona da jirgi. Dila a Agege ko Mile 12 ko Ijora ya san abin da ɗakin gwaji ya ƙi da dalilin ƙinsa, kuma ƙanensa ko surukinsa ne ke awo a Maigatari ko Lafiya. Tsarin maigida da ya riƙe cinikin goro da shanu shekara da shekaru, inda ake ba da kaya bashi a kan amana tsakanin Kudu da Arewa ba takarda, har yau yana aiki. Ta wannan hanya za a iya aika irin tushe daga Badeggi zuwa ƙauyuka sanannu, a sanar da farashin tsantsa tun kafin shuka, a kuma mayar wa masu bincike labarin irin da ya yi a tudu da wanda ya faɗi a kwari. Ƙungiyar masu harkar riɗi ta ƙasa da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki suna da rawar takawa, haka gwamnatocin Jigawa da Nasarawa da Benuwai, amma ba sai an jira su ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, da rikicin da ya taɓa yankin Humera na Habasha tun 2020, sun sa masu saye na duniya neman wasu hanyoyi, kuma ƙasashe irin su Tanzaniya da Mozambik da Burazil suna faɗaɗa nomansu. Burazil da inji take girbi. An buɗe tashar Lekki da tashar tudu ta Dala a Kano a 2023, kaya na iya fita da sauri fiye da da. Amma saurin fita ba ya ƙara ko tiya ɗaya a kan abin da hekta ta bayar. Dilan da ke son ya ci gaba da cika kwantena nan da shekara goma, lissafinsa na bana ya kamata ya haɗa da kuɗin hekta ɗaya ta gonar iri a ƙauyen da yake awo.